Ciwon Gwiwar Ƙafar Gaba a Karnuka da Yadda Ake Yi Masa Fiɗa

Kwikwiyon manyan karnuka, irin su Labrador da Rottweiler da Alseshiyan, yakan zo duniya da nauyin da bai wuce rabin kilo ba, amma kafin ya cika wata 6 sai a tarar ya kai kilo 20 ko ya haura. Watau ya ninka kansa sau 40 ke nan, alhali jaririn ɗan Adam a cikin wannan tsawon lokaci ninki biyu kawai yake yi. Wannan saurin girma yana da tsada, kuma ɗaya daga cikin gaɓoɓin da suka fi biyan kuɗin ita ce gwiwar ƙafar gaba. Tsakanin wata 5 zuwa shekara ɗaya da haihuwa, mai kare yakan lura cewa kwikwiyonsa yana tashi daga kwance da ƙyar, yana ɗingisa ƙafar gaba bayan ya yi wasa, yana kuma karkatar da tafin ƙafar waje idan ya tsaya. Sau da yawa akan ɗauka targaɗe ne, a ce zai warke da kansa. Likitocin dabbobi suna kiran wannan matsala displeziyar gwiwa, watau gaɓar da ta girma a karkace, kuma tana cikin manyan dalilan ɗingishin ƙafar gaba a tsakanin manyan karnuka.

Ƙasusuwa uku a gaɓa ɗaya

Ya kamata a fara tantance gaɓar da ake magana a kanta, domin abin da ido ke ɗauka gwiwa ce a tsakiyar ƙafar gaban dabba, a haƙiƙa takwarar wuyan hannun mutum ce. Gwiwar da ta yi daidai da gwiwar hannun mutum tana can sama, a jikin ƙirji. A nan ƙasusuwa uku suke haɗuwa: ƙashin damtse daga sama, da ƙasusuwan sangali guda biyu daga ƙasa, waɗanda masana ke kira radiyas da alna. Ƙarshen ƙashin damtse mulmulalle ne, yana zaune a kan radiyas ta gefen waje, yana kuma zaune a kan wani ɗan tudu na alna ta gefen ciki, wanda ake kira tsinin koronoyid. Ta baya kuma alna tana da wata ƙugiya, mai suna ankoniyal, wadda ke shiga wani rami a ƙashin damtse duk lokacin da kare ya miƙe ƙafa, ta kulle gaɓar kada ta goce. Dukkan fuskokin da ke gogar juna an lulluɓe su da guringuntsi mai santsi.

Kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin kare a ƙafafun gaba yake sauka. An daɗe ana koyarwa cewa radiyas ne ke ɗaukar mafi yawan wannan nauyi, amma awon da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, wanda aka buga a shekarar 2005, ya nuna cewa radiyas da alna suna raba kayan kusan rabi da rabi. Ke nan ɗan ƙaramin tsinin koronoyid yana ɗaukar kaya mai yawan gaske idan aka dubi girmansa.

Matsalar ita ce ƙasusuwan sangalin nan biyu ba tafarki ɗaya suke bi wajen girma ba. Radiyas yana ƙara tsawo ta ƙarshensa na sama da na ƙasa, ita kuwa alna kimanin kashi 85 cikin 100 na tsawonta daga mahaɗar girma guda ɗaya yake fitowa, wadda ke can ƙasa kusa da wuyan ƙafa. Dole ne su biyun su tafi kafaɗa da kafaɗa a cikin watannin da kwikwiyo ke ƙara nauyi kowace rana. Duk wanda ya taɓa ɗora tukunya a murhu ya san abin da ke faruwa idan dutse ɗaya ya fi sauran tudu: tukunyar ba ta faɗuwa, amma nauyinta yana komawa wuri ɗaya. A gwiwar kare, bambancin milimita biyu ya isa ya jawo hakan.

Suna ɗaya, cututtuka huɗu

Displeziyar gwiwa laƙabi ne da ya tattara matsaloli huɗu. Ta farko da aka gano, tun a shekarun 1950, ita ce ƙugiyar ankoniyal da ta ƙi haɗewa da alna, kuma an fi ganinta a Alseshiyan. Ta biyu ita ce tsagewa ko ɓallewar tsinin koronoyid, wadda aka bayyana a shekarar 1974, kuma sunan Sten-Erik Olsson na ƙasar Suwidin ya fi shahara a kanta. Ita ce ta fi sauran yawa nesa ba kusa ba. Ta uku ita ce ɓantarewar guringuntsin ƙashin damtse ta gefen ciki, inda wani falle ke ɗagowa kamar ɓawon ƙwai. Ta huɗu kuwa ita ce rashin daidaiton gaɓar kanta, wanda Alida Wind ta Jami'ar Kalifoniya ta jawo hankalin masana gare shi a shekarar 1986. Olsson yana ganin tushen duka shi ne tangarɗa wajen rikiɗar guringuntsi zuwa ƙashi, Wind kuma tana ganin tushen shi ne ƙasusuwan da ba su zauna wa juna daidai ba. Muhawarar ba ta ƙare ba, sai dai yawancin sababbin dabarun fiɗa a kan fahimtar Wind aka gina su.

Kowacce daga cikin huɗun aka samu, makoma ɗaya ce: amosanin gaɓa. Guringuntsi ya ci gaba da zaizayewa, ƙashi ya riƙa tsiro a bakin gaɓar, motsi ya ragu. Ciwon ya fi kama mazan karnuka, kuma sau da yawa yana kama gwiwoyin biyu. Wannan yakan ruɗi mai kare, domin karen da ƙafafunsa biyu ke ciwo ba ya da wadda zai ɗingisa. Sai dai takunsa ya gajarce, a ce masa rago.

Kafin a taɓa wuƙa sai an ga abin da ke ciki. Hoton ƙashi na eksire yana nuna ƙugiyar da ba ta haɗe ba a fili idan aka lanƙwashe gwiwar sosai, amma tsinin koronoyid yana ɓuya a bayan inuwar radiyas, sau da yawa sai dai a ga alamunsa. Shi ya sa aka koma ga hoton siti, wanda ke nuna ƙashi yanka-yanka, da kuma madubin leƙen gaɓa, watau atroskof. Wannan siririn bututu ne mai kamara, kaurinsa bai kai milimita 3 ba, ana cusa shi cikin gaɓar bayan an sa kare barci. Bernadette Van Ryssen da Henri van Bree na Jami'ar Ghent a Beljiyam suna cikin waɗanda suka share fagen amfani da shi a gwiwar kare a shekarun 1990. Siti yana ganin ƙashi amma ba ya ganin guringuntsi, madubi kuma yana ganin guringuntsi amma ba ya ganin abin da ke ƙarƙashinsa, saboda haka manyan asibitoci sukan haɗa su biyun.

Ƙugiyar da ta ƙi haɗewa

A wasu manyan karnuka ƙugiyar ankoniyal takan fara a matsayin ƙashi dabam, sa'an nan ta haɗe da alna kafin kwikwiyo ya cika mako 20. Idan aka wuce wannan lokaci ba ta haɗe ba, to akwai matsala. Dalilin da aka fi yarda da shi shi ne radiyas ya fi alna tsawo, yana tura ƙashin damtse sama, shi kuma yana dannar ƙugiyar ba dare ba rana har ta kasa kamawa.

Tsohuwar hanya ita ce a buɗe gaɓar ta baya a cire ƙugiyar ɗungum. Kare yakan sami sauƙi, kuma har yanzu ita ce mafita ga babban kare wanda ƙugiyarsa ta riga ta lalace, sai dai an cire wa gaɓar sakata, amosani kuma yana ci gaba. A shekarar 1995 Sjöström da abokan aikinsa a Suwidin suka zo da wata dabara: maimakon a taɓa ƙugiyar, sai a yanke alna a ƙasa da gwiwa, a bar ta ba tare da an ɗaure ba. Tsokoki da nauyin jiki su ja ɓangaren sama ya koma inda ya dace, dannar ta gushe, ƙugiyar ta haɗe da kanta. Dabarar ta yi aiki a ƙananan karnuka waɗanda ƙugiyarsu ba ta kwance sosai ba, amma ba kowa ya sami irin nasararsu ba. Daga baya aka haɗa hanyoyi biyu, a yanke alna sa'an nan a ɗaure ƙugiyar da sukuru, kuma wannan ce ta fi ba da sakamako mai kyau idan an yi ta da wuri, tun kare yana da wata 5 zuwa 6 ko kusa da haka. A nan lokaci shi ne komai. Mai karen da ya yi wata uku yana jiran targaɗe ya warke, yakan iso asibiti bayan ƙofar ta rufe.

Ɓantarewar guringuntsi ba ta buƙatar dogon bayani. Ana cire fallen da ya ɗago, a kankare gurbin, a huhhuda ƙashin da ke ƙasa domin jini ya fito ya kawo ƙwayoyin da za su cike wurin. Abin da ke cike wurin tabo ne, bai kai guringuntsin asali ƙwari ba. Idan gurbin yana da faɗi, wasu likitoci sukan ɗebo guringuntsi haɗe da ƙashinsa daga wata gaɓar su dasa, ko su toshe da abin roba da aka ƙera don haka.

Tsinin koronoyid, inda gardamar take

Idan aka leƙa gwiwa aka ga ɗan guntun ƙashi kamar ƙwayar shinkafa ko ta masara yana lilo a tsakanin ƙasusuwa, hankali yana cewa a cire shi, kamar yadda ake tsince tsakuwa daga dutsen niƙa. Haka aka yi ta yi tun shekarun 1970, da farko ta hanyar buɗe gaɓar, daga baya ta ƙananan huji biyu ko uku da taimakon madubi. A wani bincike da Andrea Meyer-Lindenberg ta jagoranta a Hanoba ta ƙasar Jamus, wanda ya fito a shekarar 2003 kuma ya shafi karnuka 421, kimanin kashi 60 cikin 100 na gwiwoyin da aka yi wa aiki da madubi sun daina ɗingishi, idan aka kwatanta da kimanin kashi 42 na waɗanda aka buɗe. Madubi ya yi nasara ke nan. Amma akwai abin da ya fi wannan muhimmanci a cikin binciken: amosani ya ci gaba a rukunin biyu.

Bayanin dalilin ya fito ne a shekarar 2006, lokacin da Danielson da abokan aikinsa suka duba tsinin koronoyid da aka ciro daga karnuka a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Sun tarar ƙashin da ke ƙarƙashin guringuntsi cike yake da ƙananan tsagu, irin waɗanda ke samun waya idan aka yi ta lanƙwasa ta ana miƙewa har ta katse. Watau guntun da ya ɓalle sakamako ne na gajiyar ƙashi a ƙarƙashin kayan da ya fi ƙarfinsa. Likitan da ya cire guntun ya kawar da abin da ke gogar guringuntsi, amma kayan da ya fasa ƙashin yana nan inda yake, kuma sauran tsinin ma a tsattsage yake. Wannan fahimta ce ta sa Noel Fitzpatrick, ɗan ƙasar Ailan mai aiki a Ingila, ya bayyana a shekarar 2009 hanyar yanke babban yanki na tsinin gaba ɗaya, har da wurin da bai kai ga ɓallewa ba. Ya kuma ba da shawarar a riƙa sassauta jijiyar tsokar damtse a inda ta kama alna, bisa hujjar cewa jan da take yi yana matse tsinin a jikin radiyas.

To, shin fiɗar ta fi rashin fiɗa? Wannan tambaya ta fi wuyar amsawa fiye da yadda ake zato. A shekarar 2008 Evans da Gordon-Evans da Conzemius suka tace rubuce-rubuce kimanin 400 a kan batun, suka sami guda 4 kacal da suka cika sharuɗɗan kwatantawa. Daga waɗannan huɗun suka ce aikin madubi ya fi magani kawai, amma buɗe gaɓa bai fi magani ba. Sai kuma a shekarar 2011 Neil Burton da abokansa na Jami'ar Bristol suka bi karnuka 20 har tsawon shekara guda, wasu an yi musu aikin madubi, wasu an bar su a kan magani da kula da motsi. Ba su dogara da ido ba, sun yi amfani da na'urar da ke auna nauyin da kare ke saukewa a kowane taku. A watannin farko waɗanda aka yi wa fiɗa sun fi ɗingishi, a ƙarshen shekara kuwa babu wani fifiko da fiɗar ta nuna.

Muhimmancin wannan na'ura ta awon taku ya ƙara fitowa a shekarar 2012, inda Conzemius da Evans suka nuna cewa a cikin karnuka masu amosani da aka ba maganin bogi, masu karnukan sun ce an sami sauƙi a kusan kashi 40 cikin 100 na lokuta alhali na'ura ta nuna ba abin da ya canja, likitocin da suka duba tafiyar karnukan ma sun faɗa wannan tarko a kusan kashi 45. Kare ba ya sanin an yi masa magani, amma mai shi ya sani, musamman idan ya kashe kuɗi masu yawa. Saboda haka duk rahoton da ya ce kashi kaza na masu karnuka sun gamsu da fiɗa, sai a karanta shi da hattara.

Wannan ba ya nufin a jefar da wuƙa. Karnuka 20 ba su isa a yanke hukunci a kan dubbai ba, kuma ciwon koronoyid ba mataki ɗaya ba ne. Kwikwiyo ɗan wata 7 mai guntu yana yawo a gaɓa, wanda guringuntsinsa bai zaizaye ba, dabam yake da kare ɗan shekara 6 wanda gaɓarsa ta riga ta ƙare. Yawancin ƙwararru suna ganin na farko zai amfana da cire guntun, kuma hujjarsu tana da ƙarfi ko da ba a gama tabbatar da ita da alƙaluma ba. Na biyun kuwa cire guntu ba zai yi masa wani abin kirki ba. Abin da bai dace ba shi ne a gaya wa mai kare cewa za a warkar da gwiwar. Abin da ake nema shi ne rage zafi da jinkirta lalacewa.

Sauya wa nauyi hanya

Idan ciwon ya yi nisa, guringuntsin gefen ciki yakan ƙare ƙaf, ƙashi ya riƙa gogar ƙashi har ya yi sheƙi kamar hauren giwa. Abin mamaki, gefen waje na gaɓar, inda ƙashin damtse ke zaune a kan radiyas, yakan kasance lafiya lau. Daga nan tunani ya zo cewa tun da ba a iya mayar da guringuntsin da ya tafi, me zai hana a karkatar da kayan zuwa gefen da ke da lafiya?

Hanya ta farko ita ce a yanke ƙashin damtse a tsakiya, a zame ɓangaren ƙasa zuwa ciki da 'yan milimitoci, a ɗaure da faifan ƙarfe mai matakala. Kurt Schulz da abokansa a Davis ne suka gwada ta a kan ƙafafun matattun karnuka, suka ga nauyin da ke sauka kan alna ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, Fitzpatrick kuma ya buga sakamakonta a kan karnuka masu rai a shekarar 2009. Aiki ne babba. Ana karya ƙashin da ba shi da laifi, kuma a farkon amfani da hanyar an sha samun karyewar sukurori da ta ƙashin kansa kafin a gyara tsarin faifan. Hanya ta biyu, wadda aka sani da PAUL, kamfanin Kyon na ƙasar Suwizalan ne ya fito da faifanta. A nan alna ake yankewa, a ɗaure ta da faifai mai matakalar milimita 2 ko 3, wanda ke ɗan buɗa ƙafar domin nauyi ya koma waje.

Ga kwikwiyon da bai gama girma ba kuwa akwai hanya mai sauƙi fiye da waɗannan. Idan aka gano tun yana da wata 4 zuwa 6 cewa alna ta fi radiyas tudu, akan yanke ta ko a cire ɗan guntu daga ƙasanta a bar ta ta sauka da kanta. Wannan ne kaɗai lokacin da fiɗa ke kusantar tushen matsalar, kuma shi ne lokacin da yawancin karnuka ba su kai ga ganin likita ba.

Akwai kuma hanyar CUE ta kamfanin Arthrex, wadda ba ta karkatar da nauyi, sai dai ta sa wa wurin da ya zaizaye sabuwar fuska: ƙaramin ƙarfe a ƙashin damtse, ƙaramar roba mai tauri a alna, su biyun su riƙa gogar juna a madadin ƙasusuwan. A rahoton da James Cook na Jami'ar Missouri da abokansa suka fitar a shekarar 2015 a kan aiki 103, fiye da kashi 90 cikin 100 sun koma amfani da ƙafar cikakke ko gwargwadon gamsarwa. Sai dai waɗanda suka ƙirƙiro na'urar suna cikin masu rahoton, kuma ba a kwatanta da karnukan da ba a yi wa aikin ba. Yawan hanyoyin nan shi kansa shaida ne cewa babu wadda ta yi wa sauran fintinkau.

Gaɓar ƙarfe

Tun shekarun 1970 ake sauya wa karnuka gaɓar ƙugu da ta ƙarfe da roba, kuma aikin ya zama ruwan dare. Gwiwa ta fi ƙugu gardama, domin ƙugu ƙwallo ne a cikin ƙoƙo, gwiwa kuwa ƙasusuwa uku ne masu lanƙwasawa da juyawa a lokaci guda, ga ƙarancin naman da zai rufe ƙarfen. Michael Conzemius, sa'ad da yake Jami'ar Jihar Iowa a Amurka, ya buga sakamakon gwiwarsa ta ƙarfe a shekarar 2003: cikin karnuka 20, guda 16 sun sami sauƙi mai gamsarwa, guda 4 kuma sun gamu da munanan matsaloli, da suka haɗa da gocewar gaɓa da karaya da shigar ƙwayoyin cuta. Bayan wasu shekaru wani likitan dabbobi na Jihar Idaho, Randy Acker, ya fito da tsarin TATE, wanda ya raɗa wa sunan karensa Labrador da ya yi fama da ciwon gwiwa. Ana shigar da shi ne a dunƙule daga gefe, ba tare da an raba gaɓar ba, kuma ba a sa siminti, ƙashi ne ke tsirowa ya kama shi.

Har yanzu sauya gwiwa mataki ne na ƙarshe, saboda idan ya lalace zaɓi biyu ne suka rage: a daskarar da gaɓar ta daina motsi har abada, ko a yanke ƙafar. Kare yana iya rayuwa da ƙafa uku, amma ba karen da ɗaya gwiwar ma ke ciwo ba, kuma an riga an ga yadda ciwon ke son kama duka biyun.

Abin da ke hannun mai kare

Bayan aikin madubi kare yana buƙatar makonni 4 zuwa 6 ba gudu ba tsalle, idan kuma an yanke ƙashi, sai wata 2 zuwa 3, har hoto ya nuna ya haɗe. Ko an yi fiɗa ko ba a yi ba, rage ƙiba yana cikin abubuwan da aka fi tabbatar da amfaninsu. A wani bincike da aka bi karnukan Labrador 48 tun suna kwikwiyoyi har mutuwarsu, wanda ya fito a shekarar 2002, waɗanda aka rage wa abinci da kashi ɗaya cikin huɗu sun fi 'yan'uwansu tsawon rai da kusan shekara biyu, amosani kuma ya yi jinkirin kama su. Akwai magungunan rage zafi da aka tanada don karnuka, irin su karfurofen da meloksikam. Waɗanda mutane ke saya a kemis don kansu, musamman ibufurofen da dikulofenak, suna iya huda wa kare ciki ko su lalata masa ƙoda.

Ciyarwar ƙuruciya ma tana da hannu. Åke Hedhammar ya nuna a Jami'ar Cornell a shekarar 1974 cewa 'yan kwikwiyon Great Dane da aka bari suna ci iya cikinsu sun fi samun ciwon ƙashi da gaɓa, Herman Hazewinkel na Jami'ar Utrecht a Holan kuma ya nuna a shekarun 1980 cewa yawan sinadarin kalsiyam yana dagula rikiɗar guringuntsi zuwa ƙashi. Hanjin ƙaramin kwikwiyo bai iya tace kalsiyam ba, yana shan sa ne gwargwadon yawan da aka ba shi. Mai karen da ke zuba garin ƙashi a kan abincin da ya riga ya cika, don kwikwiyonsa ya yi ƙashi, yana iya jawo abin da yake gudu.

Amma tushen ciwon gado ne, kuma ƙwayoyin gado da yawa ne ke haɗuwa su haifar da shi. Fiɗa ba ta taɓa su. Karen da aka yi wa aiki ya miƙe yana gudu zai ba 'ya'yansa abin da iyayensa suka ba shi. Wannan ya sa aka kafa ƙungiyar masana gwiwar kare ta duniya, IEWG, a Davis a shekarar 1989, wadda ta tsara ma'aunin da ake bi: daraja ta 0 ita ce lafiyayyar gwiwa, ta 1 tsiron ƙashin da bai kai milimita 2 ba, ta 2 tsakanin milimita 2 zuwa 5, ta 3 kuma abin da ya haura haka ko ciwon da ya fito fili. A Amurka gidauniyar OFA tana tabbatar da gwiwar kare ne bayan ya cika wata 24, a Birtaniya kuma, inda aka fara shirin a shekarar 1998, daga wata 12. Tun da hoton eksire yakan kasa kama wasu masu ciwon, masu kiwo a Birtaniya tun shekarar 2014 suna amfani da lissafin da ke haɗa sakamakon kare da na danginsa.

Alseshiyan da Rottweiler da ake kiwo don gadi a biranen Nijeriya daga waɗannan zuriyoyi suka fito, kuma gadon yana bin su duk inda aka kai su. Wanda zai sayi kwikwiyo yana da haƙƙin tambayar ko an ɗauki hoton gwiwar uban da uwar, da kuma darajar da suka samu. Wanda kuma kwikwiyonsa ya yi mako biyu yana ɗingisa ƙafar gaba ba tare da rauni a tafi ba, ya kamata ya kai shi ga likitan dabbobi, ko ɗaya daga asibitocin koyarwa irin na Zariya da Sakkwato da Maiduguri, a ɗauki hoton gwiwoyin biyu, har da wadda ba ta nuna alamar komai ba.